Taswirar Amurka a Wayar Yaya Kulu

Ku 'ya'yan Yaya Kulu, za ku girma ku ji ana cewa Anti Shafa ta taɓa haukacewa da son Amurka har ta kusa sa a kashe mahaifiyarku. A gidan biki za ku ji shi, daga bakin matan da ba su taɓa zama da ni ba. Wasu za su ce miji nake nema a can, wasu su ce Turawa ke biyana in riƙa zuba surutu kowace safiya. Duk ƙarya ne. Ban taɓa neman fasfo ba, Gusau ce iyakar tafiyata a lokacin, kuma ni ko sanyin randa ba na so balle ƙanƙara. Mahaifiyarku ba za ta ba ku labarin ba, don ba ta magana a kan abin da ya taɓa ta. Ni kuwa ba ni da haƙurin jiran ku girma ku tambaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Amurka ta shigo gidanmu ne ta rediyon Baba, tun ban san ƙasa ce ba. Kakanku dillalin hatsi ne a kasuwar Kaura, amma in kun ji shi da safe a ƙofar gida da abokansa sai ku rantse shi ke raba kujeru a majalisar can. Gero ya tashi ko ya faɗi, wannan maganar rana ce. Da safe sai an gama da wanda zai ci zaɓe a Amurka kafin kowa ya sha koko, ni kuma ina zaure ina jan tsintsiya a hankali don kada in rasa komai. Da na gama sakandire ban samu shiga poli ba, sai na kama aiki a shagon cajin waya na wata mata 'yar Binuwai da kowa ke kira Madam, dab da ƙofar makarantar. Aikin ba ya cin kai, ka karɓi waya, ka manna mata lamba, ka soka a wuta. Sauran yinin nawa ne. Ni kuma ba na iya zama haka kawai, ko a kujera nake ƙafata rawa take yi, sai na riƙa karanta duk abin da ya faɗo a wayata, rabin Turancin ina ganewa, rabi ina bin sa da ƙamus har ya fito. Da yamma in dawo in faɗa wa Baba abin da rediyonsa zai faɗa gobe.

"Ke Shafa, wa yag gaya maki?"

"Waya, Baba."

"Waya ba ta da gemu. Bari in ji ga bakin manya."

Washegari rediyo ya faɗa, Baba ya yi kamar bai san na riga shi ba.

Yaya Kulu ita ce 'yar fari a ɗakinmu. An kai ta wani ƙauye gaba da Badarawa, wajen babanku Isuhu, tun hanyar Shinkafi tana biyuwa ba fargaba. Daga baya hanya ta lalace, ba kwalta nake nufi ba, kun san abin da nake nufi. Sai kuma shekarar nan da aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya. Da aka buɗe, kowa ya samu nasa, ban da ƙauyenku. A can waya ba ta kamawa sai an fita bayan gari an hau wani tudu mai tsamiya a kai. Ga wahalar hawa, ga kuma abin da ya fi ba ni haushi: in ta hau ɗin ma ba abin da ake ji.

"Yaya, kuna lafiya?"

"Lahiya lau."

"Ya garin?"

"Alhamdu lillahi."

"Jiya mun ji an ce wajenku..."

"Shafa, ya su Inna?"

Shi ke nan. Ba rowa take yi ba. A ƙauyukan nan kowa ya san duk abin da aka faɗa yana iya komawa kunnen mutanen daji, kuma ba wanda ya san ta bakin wa. Saboda haka ba a faɗin wanda ya yi tafiya, ba a faɗin ranar dawowa, ba a faɗin abin da aka ji da dare. Mutum ya kira 'yar'uwarsa, su gaisa kamar baƙi a layin asibiti. Inna kuma ba ta iya tambaya. Kun san kunyar ɗan fari, ko sunan Yaya Kulu ba ta kamawa, sai dai ta ce "ta ƙauye". In na gama waya sai ta tsaya kusa da ni tana gyara abin da ba ya bukatar gyara, ni kuma ba ni da abin ba ta sai "lafiya lau" ɗin da aka ba ni.

Wata safiya haushi ya ishe ni. Maimakon in kira, sai na danna saƙon murya na ce, Yaya, tunda ke ba ki da labari, ni ina da shi. A Amurka wata guguwa ta taso daga teku, sun raɗa mata sunan mace kamar jaririya, suna bin ta a talabijin gari gari, an ce wa mutane su bar gidajensu, wani tsoho ya ce ba inda za shi don karensa ba ya son mota. Na yi ta zuba har numfashina ya ƙare, na tura. Da hantsi sai ga amsa. Na kunna a tsakar gida, Inna tana tsintar shinkafa.

"Shafa, ke dai Allah shi shirye ki. To da anka raɗa mata sunan, an yanka rago? Kuma wanga tsoho, shi karen ne mijin ko shi?"

Tana maganar tana dariya, dariyar nan tata da take ƙarewa da tari. Rabon da in ji ta tun kafin a haife ki, Nana. Hannun Inna ya tsaya cikin faifai. Ba ta ɗago ba, amma da saƙon ya ƙare sai ta ce, wai ita ba ta ji abin da aka ce a kan ragon ba, in sake sawa.

To kun ji mafarin haukan Amurka. Kullum bayan asuba in yi saƙo, kullum da hantsi Yaya ta ɗauki igiyar itace ta hau tudu ta saurara ta ba da amsa. Ni abin da nake jira shi ne alamar nan da ke nuna an buɗe saƙo. In ta fito, na san tana raye, wayarta na hannunta, ƙafafunta sun hau tudu. Abin da ba a iya tambaya ke nan, kuma ga shi ana ba ni amsarsa ba tare da kowa ya faɗi abin da zai jawo masa ba. Da zaɓensu ya matso na yi mata bayanin jam'iyyun nan biyu, mai alamar jaki da mai alamar giwa. Nan take ta zaɓi jaki, ta ce shi ta san aikinsa, giwa me ta taɓa ɗauko wa wani. Na ce mata a can mutum yana iya fin yawan ƙuri'a ya faɗi. Ta ce ashe su ma sun iya. Na ba ta labarin motar da ke tafiya ba direba, ta ce in roƙe su su kawo guda ta riƙa yin Kaura zuwa Shinkafi, in an tare ta sai a yi ciniki da kujera. Wannan ce magana mafi kusa da hanya da ta taɓa fita daga bakinta. Ran da na ce sun mayar da agogonsu baya da awa guda, Baba ne ya ba da amsa daga ɗaki, shi da ya ce ba ya sauraron shirmena: "To ita rana ta yarda?" A ƙarshen kowane saƙo nakan duba mata hasashen yanayi na wajen Shinkafi, ko ta yi shanya ko ta bari. Wani lokaci ya faɗa daidai, wani lokaci ta ce ruwana bai zo ba, na sa ta kwashe barkono a banza.

Ban san yadda abin ya fita ba. 'Yan matan poli da ke kawo caji suka ji, suka ce in riƙa tura musu. Su suka tura wa iyayensu mata a Zurmi da Shinkafi, aka buɗe rukuni a waya, aka fara kirana 'Yar Amurka a cikin keke napep. Akwai masu tare ni su ce ana kashe mutane a gida ke kina lissafin zaɓen wasu. Nakan ce to bismilla, ke faɗi na gidan, ga waya. Ba wadda ta taɓa karɓa. Rikicin wasu ne kaɗai muke iya tattaunawa da ƙarfi ba tare da mun waiga ba, kuma mutum yana bukatar ya buɗe baki ko a kan mene ne.

Zaɓen ya faɗo da kaka. Da sakamako ya fito na tura wa Yaya hoton taswirar ƙasar, jihohi wasu ja wasu shuɗi, kowace da lamba a kanta. Ta ce kamar atamfa, za ta ajiye. Wayarta ƙarama ce, ba ta da wuri, saboda haka duk saƙon da ta saurara sai ta goge. Hoton nan kaɗai ta bari.

Bayan nan ba da jimawa ba alamar ta daina fitowa. Ranar farko na ce caji ne. Ta biyu na ce ko Nana ce ba lafiya. Daga nan na daina ba kaina dalili. Na kira, a kashe. Na kira babanku, a kashe. Ina tura saƙo kullum kamar mai jefa dutse a rijiya. A shago na ba wani ɗalibi wayar wani, na soka caja a wayar da ta riga ta cika, na fita bakin titi na dawo ba abin da na je yi. Madam ta dube ni ta ce in tafi gida, jikina ne kawai a shagon. A gida kuma ba wurin zama, Inna tana ta wanke kwanonin da ta riga ta wanke, Baba ya kunna rediyo ya bar shi a tashar da ba kowa sai shuuu. Mun ji a bakin direbobi cewa an shiga wani ƙauye wajen Badarawa ranar kasuwar Shinkafi, amma kowane direba da sunan ƙauyen da yake faɗa.

Bayan azahar wata Laraba babanku ya yi sallama. Ku kun san shi da ni, ba ma haɗuwa bai ce "Amarya, yaushe za ki kai ni Amurka in ga ƙanƙara" ba, ni kuma in ce sai ya fara wanke hularsa. Ranar ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa gaban Baba a zaure, ƙura har gira. Ban jira a kira ni ba, na shiga na tsaya.

Ya ce ƙauyenku ne. Mutanen daji sun zo da rana tsaka, ranar da maza suka tafi kasuwa, suka kore shanu, suka tafi da mutane daga gona. Da aka natsa sai aka fara tambayar da ake yi kullum: wa ya gaya musu gari ba maza? 'Yan sa-kai suka zauna suna lissafin masu hawa tudu. Kowa yana hawa jefi-jefi, amma mutum ɗaya ce take hawa kullum, lokaci guda, ta sa waya a kunne, ta yi magana, har da dariya. Suka karɓi wayar Yaya. Ba saƙo ko ɗaya, duk an goge. Sai hoto guda, taswira, an shafa wa wasu wurare ja, an rubuta lambobi.

"Sun ce jan nan garuruwan da za a shiga ne," in ji babanku. "Lambobin kuma shanu."

Na yi dariya. Wallahi dariya ta fito mini, irin wadda ba ta da daɗi. Ba wanda ya taya ni, don duk mun san wanda aka kira infoma, mai kai wa mutanen daji labari, a ƙauye ba kotu ake kai shi ba. Ya ce tana gidan mai gari cikin matansa, ba a taɓa ta ba, ke Nana kina goye a bayanta, kai Abba kana wurin kakarka. Mai gari ya roƙi a dakata zuwa bayan sallar Juma'a, albarkacin mahaifin babanku da ya yi limanci a garin.

"Ba ka gaya masu ba?" in ji Baba.

"Na gaya masu, Baba. Nac ce ƙanwarta ce ta Kaura ka ba ta labarin zaɓen Amurka. Sunka yi ta dariya. Sun ce wace mace za ta bar dakanta ta hau tudu kullum don ta ji wa anka zaɓa wata ƙasa. Guda yac ce in akwai wagga yarinya, a kawo ta su gani."

Baba ya juyo gare ni. "Saƙonnin na nan ga taki wayar?"

"Suna nan duka."

"Ba shi. Shi tahi da ita."

Na miƙa wa babanku wayar, na buɗe masa taswirar. Na ce, Yaya Isuhu, wanne ne jaki, ja ko shuɗi? Ya duba, ya juya wayar. Na ce wannan lambar ta saman babbar jihar nan, ta mece ce? Ya ce shi bai sani ba. Na ce to in sun tambaye ka fa? Za su ce muryar daga rediyo aka ɗauko, ko a Kaura aka haɗa ta jiya don a wanke ta. Mutanen da suka ga shanu a taswirar Amurka ba za su tsaya sauraron waya ba.

"Ni sai in tahi," in ji Baba. "Na san zancen nan tun ba a haihe ki ba."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji babanku, kansa a ƙasa. "Kai an san ka ga hanyar nan. Dillalin hatsi ya shiga mota, labari ya riga mu isa daji. Kuma mai muryar sunka ce."

"To in ba hanya ɗiya biyu ke nan? Guda tana can, in ƙara masu da guda?"

Ni ina tsaye, ina jin kamar in fizge wayar in fita da gudu har tasha. Tsoro nake ji, kada wani ya gaya muku jarumta ce. Na san motocin da aka tare a hanyar nan, na san 'yan matan da aka sauke daga cikinsu, ɗaya ajinmu guda. Amma tsayuwar nan a zaure, ana kallon ƙasa, ta fi mini tsoron ciwo. Sai muka ji muryar Inna daga bayan labule, ita da ba ta taɓa sa baki in suruki yana zaure.

"Malam, bar ta ta tahi. Ta ƙauye ba ta iya magana gaban maza ba. Wagga ta iya."

Baba ya daɗe yana murza carbi. Da ya buɗe baki ba ni ya kalla ba, bango ya kalla.

"In Allah ya maido ki, wanga surutu ya ƙare a gidana. Ba Amurka, ba guguwa, ba ruwa za a yi gobe. Kin ji?"

"Baba, ba surutuna ya kore shanu ba."

"Na sani. Amma shi yah hau da ita tudu."

Ina da amsoshi da yawa, kun san bakina. Ina so in ce shi ma surutun ne ya sa ya san 'yarsa tana raye duk watannin nan, yana ɗaki yana kasa kunne. Ina so in ce a duk garin nan abin nan kaɗai ne nawa, ba shagon Madam ba, ba ɗakin Inna ba, kuma akwai mata a Zurmi da ban taɓa gani ba da suke jiran muryata kafin su hura wuta. Har yau ina ganin bai yi mini adalci ba, kuma na gaya masa daga baya. Amma ranar Laraba ce, Juma'a tana tafe, kuma duk minti da na ɓata ina gardama daga lokacin mahaifiyarku nake cira. Na ce na ji.

Kafin la'asar na koma shago. Na ja Madam gefe na gaya mata iya abin da ya kamata ta sani. Matsalar ita ce in aka wayi gari rukuni bai ji ni ba, za a fara tambayar ina 'Yar Amurka ta tafi, kuma tambaya irin wannan ba a san inda take tsayawa ba. Saboda haka na shiga bayan kanta, inda ƙarar injin wuta ba ta damun murya, na yi saƙon gobe da na jibi a wayarta, don ta tura su bayan asuba kamar ina gida. Na ba da labarin ƙanƙarar da ta rufe wani filin jirgin sama a can, an soke tashi, matafiya sun kwana a ƙasa da jakunkunansu suna zagin kamfani, wata mata tana kuka don za ta rasa bikin ƙanwarta. Na yi musu dariya yadda na saba. Na ce wajen Shinkafi rana za a yi, mai shanya ta yi shanya. Na ce Allah ya kai kowane matafiyi gida. Ba wanda ya san sallama nake yi, Madam ce kawai ta juya baya tana gyara wayoyin da ke jere.

A hanyar gida na gama shawara. Ba zan je in durƙusa ina kuka ina rantsuwa ba, masu laifi ma suna yin haka. Zan ce a ba ni tabarma a ƙofar mai gari, a kawo wayar Yaya, a buɗe hoton, in bi jihohin nan ɗaya bayan ɗaya, in faɗi sunan kowace da abin da lambarta take nufi. Duk mai rediyo a garin ya matso ya yi mini tambaya, ya ƙure ni in zai iya. Zan yi ta magana har su gaji, kuma ba zan tashi daga tabarmar ba sai na ga mahaifiyarku ta fito da ƙafarta.

Na tarar da babanku a ƙofar gida yana alwala. Ya ɗago ya dube ni, karon farko tun zuwansa.

"Shafa, in kin fasa ba wanda zai ga laihinki."

Na ce, "Ka je tasha yanzu ka kama mana wuri a motar farko, mutum biyu. Kada ka faɗi sunana. Kuma ka gaya wa direban in ya tsaya jiran mota ta cika, zan sauka in fara takawa."